A Kwantar da Fara

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafin Baban Luyando ya saya don rubuta haihuwar shanu. Shafi uku ya cika, sauran na ara. Aro na ce, ba gado ba. In ya dawo ya yi faɗa, ni ma ina da nawa faɗan a ajiye.

Famfon rijiya ya ƙi tashi. Kwana huɗu ke nan tun Larabar nan da aka kai shi asibiti, tankin da ya bari a cike ya koma rabi. Na shiga ɗakin batir, na ɗaga makunnin kamar yadda nake hango shi yana yi. Inbata ta yi ƙit ƙit ƙit, ta kunna jar fitila, ta ɗauke wuta. Na danna mata maɓalli ta farfaɗo, na sake gwadawa, ta sake suma. Shanu goma sha huɗu na tsaye bakin kwami suna kallona kamar ni na shanye ruwan.

Luyando ta bugo daga asibiti a Monze. Babanta ya sha kunu cokali shida. Shida ai ya fi biyar.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na samu Sililo a waya, mutumin da ya haɗa mana solar. Yana can bayan Mongu, garinsu, sai watan gobe zai dawo.

Ya ce, "Maman Luyando, kin kashe komai na gidan kafin ki kunna?"

"Na kashe. Rediyo, talabijin, har ƙwan bayan gida."

"Ƙarfe nawa kike kunnawa? Na san ku 'yan ƙabilar Tonga, kuna riga zakara tashi don ku gaida shanu. Ki bari sai ƙarfe goma, rana ta hau faifan solar, batir ya ƙoshi. Famfo kamar amalanke ne a cikin yashi, fizgar farko ce ke cin ƙarfi. In ta fara gungurawa, ko maraƙi ya ja ta."

Na ce, "Ka ji mini ikon Allah. Ba-Lozi da ya girma cikin kwale-kwale yana cin guza, shi zai koya mini amalanke?"

"Guzan ne ya ba ni basirar da kike bugo waya kina roƙo."

Mun sha dariya. Sai ya sassauta murya ya ce yaya jikin tsohon. Na ce ba na jin sa sosai, layin ya lalace.

Litinin, ƙarfe goma da kwata

Ƙit ƙit ƙit.

Laraba, 9 ga wata, la'asar

Zafi kamar a cire fata. Amma zafin nan kasuwata ce, kafin azahar nonon kantina ya ƙare, har direban motar auduga ya sha kwalba biyu a tsaye. Firizata ba ta huta ko na minti ɗaya, tana ta gurnani ita kaɗai. Allah ya so ita da nata faifan, biyun nan na hannun dama, babu ruwanta da rigimar famfo. Ranar da aka kawo ta Baban Luyando ya nuna mini su da sanda ya ce, "Waɗannan naki ne, Uwargida. Ga wata farar saniya ta shigo garke, ba ta cin ciyawa sai rana." Ni kuma na tara mutan gida na yi shela: duk wanda ya taɓa mini wayar firiza, ya nemi inda zai ci tuwo.

Na ci wata shari'a yau. Shekara biyu ina cewa nono na raguwa kofi guda kullum, yana cewa kyanwa ce. Kyanwa mai buɗe murfi, ta wanke kofi, ta rataye a ƙusa! Da zarar ƙarfe goma ta yi ina lambu, sai ya sulale kanti, ya fito da kofi yana rangaɗa kirarin shanunsa da muryar nan tasa kamar ana jan garwa a kan dutse, ya je ya kunna famfo, ya dawo ya mayar da kofin. To mako guda ke nan ko ɗigo bai ragu ba, kuma kyanwar na nan.

Na ci shari'a, babu wanda zan yi wa gwalo.

Juma'a, 11 ga wata, azahar

Yaya Mweemba, wan mijina, ya zo a kan kekensa da hular nan tasa mai faɗin faranti. Ya leƙa kwami, ya ƙwanƙwasa tanki, ya girgiza kai har sau uku don in gani.

Ya ce, "Matar ƙanena, wahalar ta yi miki yawa. Bari in kora shanun nan wajena, bakin fadama, su sha ruwa. In abubuwa sun daidaita a dawo da su."

Na durƙusa na miƙa masa ruwa a sabon kofi, na ce, "Yaya, mun gode. Shanun kawu Siamaundu da suka je shan ruwa wajenku shekara goma sha ɗaya, sun ƙoshi kuwa?"

Ya ƙware. Da tarin ya lafa ya ce bakina ne ya sa ƙaninsa ya yi furfura da wuri. Ya ba ni zuwa Lahadi ashirin da bakwai ga wata. In ruwa bai zubo ba, zai zo da masu kora.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma gaskiya ba zan iya hana shi ba in kwami a bushe yake, duk ƙauyen za su ce shi ke da gaskiya. Ni dai abu ɗaya na sani. Baban Luyando in ya sauko daga mota, garke zai fara duba kafin ya dube ni. Ba zai tarar da shi wayam ba.

Lahadi, 13 ga wata, magariba

Tanki ya ƙare ƙaf. Na ɗaura wa bijimai biyu amalanke, duro uku, sai famfon hannu na makaranta. Sawu biyu. Matan layi sun ce, "A'a, yau Madam Sola ce a cikinmu?" Na ce na zo duba lafiyar talakawana ne. Suka ce to talakawa na gaisuwa, a koma bayan layi.

Kafaɗuna kamar ba nawa ba. Kabejin lambu ya sunkuyar da kai, na ce ya yi haƙuri, masu ƙaho ne a gaba.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je Monze na dawo.

An aske masa gemu a karkace. Wannan kaɗai zan rubuta game da fuskarsa.

Na zauna ta gefen hagu, inda Luyando ta ce in zauna. Na ba shi labarin ƙauye duka, har da ƙwarewar Yaya. Ban yi niyyar faɗin maganar famfo ba, bakina ne ya suɓuce. Sai ya damƙe mini hannu, ya yi ta kokawa da bakinsa, can ya ce, "Fara." Ya huta. Ya ce, "Kwanta." Yana danna tafin hannunsa ƙasa a kan bargo.

Luyando ta ce, "Mama, kalmominsa na farko ke nan." Tana murna tana hawaye.

Na ce, "Ji mutum! Shekara talatin da ɗaya da aure, bakinsa ya buɗe, sunan saniya ya fara kira." Matar gadon kusa ta yi dariya har aka zo aka tsawata mana.

Ina isowa gida na wuce garke. Fara na tsaye garau tana tuƙa, tsohuwar banza, ba ta da niyyar kwanciya. Na duba kofatonta, na duba hancinta. Lafiya lau.

Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Ruwa! Ruwa! Ruwa!

Bari in rubuta daki-daki don jikoki. Na tashi da kewa, ban san me ya hau kaina ba na ce yau sai na yi duk abin da yake yi. Ƙarfe goma na shiga kanti, na kai hannu ga kofinsa. Ya maƙale da wani abu a ƙusar, na fizge shi da haushi. Na cika shi da nono, na fito tsakar gida, na waiga babu kowa, na buɗe baki:

"Fara 'yar Baƙa, mai tafiyar amarya, ke da kika sha a kogin Kafue kika raina tafki..."

Kaji suka watse. Na shiga ɗakin batir ina waƙa, na ɗaga makunni. Fitila ta tsaya a kore. Bututu ya yi tari, ya yi kaki, sai ga ƙarar ruwa a cikin tanki. Na yi rawa da kofi a hannu har nono ya zube mini a zane.

Ashe waƙar ce! Shekara biyu ina ce masa ya rufa mana asiri da wannan murya.

Alhamis, la'asar

Girman kai rawanin tsiya.

Da azahar na koma kanti na tarar firiza shiru, fulogi ya zame daga soket a bayan kalandar coci. Aikin kyanwa ne, wannan karon da gaske. Na cusa hannu na mayar. Daga nan na aika a kira matan layi, masu "Madam Sola", su zo su ga abin al'ajabi. Su bakwai suka zo. Na kashe famfon da hannuna, da hannuna fa, don in nuna musu yadda ake tada shi. Na gyara ɗaurin zane, na rera tun daga Fara har autan maraƙi. Na ɗaga makunni.

Ƙit ƙit ƙit.

Maman Nchimunya ta ce in gwada da muryar maza. Ɗaya ta ce wataƙila famfon ya gane ba mijinsa ba ne. Sun tafi suna riƙe ciki. Tanki bai kai rabi ba.

Juma'a, 18 ga wata, azahar

Na yi waƙa har muryata ta dishe. Ko ɗigo. Kofin na wanke na sa a jaka, zan kai masa.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe huɗu

Yaya Mweemba ya biyo daga asibiti, fuska a ɗaure kamar mai wa'azi.

Ya ce, "Mai shanu ya yi magana, na ji da kunnena. Fara, kwanta. Na tambaye shi, a kwantar da Fara? Ya gyaɗa kai har sau uku. To ke kin taɓa jin inda aka kwantar da saniya don ta yi barci? Jini yake nufi. Saniyar gyatumarmu ce, magabata ke neman abarsu don su sake shi ya tashi."

Na ce, "Yaya, mu fa 'yan coci ne."

"Cocinku ranar Asabar ne. Ni Lahadi zan zo."

Na kira Luyando, ta ce haka aka yi, ya gyaɗa kai, har ya buga gado da hannu. To me zan ce? In shi ya nema, ni wace ce? Amma mutumin da ke cire wa Fara kaska da yatsunsa yana ba ta haƙuri, shi zai ce a sa mata wuƙa? Ban gane ba, kuma tsoro nake ji. Tsoron kada ya zama ba Fara kaɗai yake sallama da ita ba.

Ranar Lahadi ke nan a yanka ɗaya, a kora goma sha uku.

Laraba, 23 ga wata, magariba

Sawu biyu. Wayar Sililo a kashe. Taya ɗaya ta amalanke ta fara kuka, mun zama mu biyu.

Asabar, 26 ga wata, bayan coci

An yi wa Baban Luyando addu'a da suna. Na dubi silin har aka gama.

Na kai wa Fara ɓawon kabewa. Ta cinye ta lashe mini gwiwar hannu, ba ta san komai ba. Na gwada makunni sau ɗaya, ko don ranar hutu ce a ji tausayina. Ba a ji ba.

Lahadi, 27 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Wannan kam sai na rubuta.

Sun iso wajen goma saura, Yaya da mutum biyu da igiya da wuƙa a cikin buhu. Suka kayar da Fara a gindin bishiya, suka ɗaure mata ƙafafu. Yaya ya ce, "Matar ƙanena, je ki kwashe kwalaben nan daga firiza, nama zai shiga." Na gode masa a raina, don ba na son in gani.

Na kwashe kwalabe. Na ce bari in kashe ta in wanke, karo na farko da hannuna tun da aka kawo ta. Na ɗaga kalanda gaba ɗaya. Sai na ga wayar firiza an zagayo da ita kan ƙusar kofi, an ɗaure da tsinken roba, irin ƙullin da yake wa maruƙa, yadda in an cire fulogi ba zai faɗa baya ba. Fulogin ya yi sulɓi don taɓawa. A jikin bango ga shatin hannu, baƙi, inda mutum ke dafawa in zai sunkuya. Na ɗora nawa a kai. Ya fi nawa girma.

Na cire fulogi. Gurnani ya tsaya. Na shafa murfinta na ce, "To, 'yar fara, kwanta ki huta."

Sai na ji abin da bakina ya faɗa.

Ban san na iya gudu ba. Takalmi ɗaya a ƙofar kanti na bar shi. Ina gudu ina ihu, "Yaya, dakata! Ba ita ba ce! Ba wannan Farar ba!" Na faɗa ɗakin batir na ɗaga makunni, babu waƙa babu komai. Kore. Bututu ya yi tari. Na buɗe wa kwami kai tsaye.

Shanun da suka ji ƙarar ruwa ba su nemi izinin kowa ba. Suka yo kan kwami gaba ɗaya, suka bi ta kan buhun wuƙa, hular Yaya ta tashi sama ta sauka cikin ruwa. Fara ta yi ta shure-shure har ɗaya daga cikin mutanen ya ce, "Baba, a kwance ta, ko ta karya mini haƙarƙari." Aka kwance ta. Ta miƙe, ta kakkaɓe jiki, ta tafi da tafiyar amaryarta ta ture kowa.

Na ja Yaya har kanti na nuna masa. Na mayar da fulogi, firiza ta ɗauka, famfo bai ko tari ba. Ya daɗe yana kallon shatin hannun nan. Sannan ya matse hularsa ya ce, "Ai dama ni ma raina bai kwanta ba."

Na ce, "Na sani, Yaya. Fuskarku ta nuna."

Ya ci tuwo malmala biyu da kabejin da ya tsira. Na ba shi nono kwalba uku ya ɗaura a keke. Da zai tafi ya tsaya bakin garke yana ƙirga su da ido, ya ce, "Ki gaida shi." Muryarsa ba daidai take ba. Ƙaninsa ne shi ma, na kan manta.

Na kira Luyando na ce ta kara wa babanta waya a kunne, na miƙa tawa bakin kwami. Ta ce ya yi dariya, irin wadda yake iyawa yanzu.

Litinin, 28 ga wata, azahar

Sai yau guzan ya sauka a cikin Sililo, ya kira ni. Na ba shi labari, ya yi dariya har na ji wani abu ya faɗi a wajensa.

"Faifai biyu naki? Wayyo cikina! Maman Luyando, wuta ta san naki da nasa ne? Duka tukunya ɗaya suke zubawa. Na ce ki kashe komai, kika ce kin kashe!"

"To uban wa ya ce ka sa mana inbatar da ba ta iya ɗaukar abu biyu?"

"Mijinki. Na ce masa, tsoho, abin da ke hannunka ba zai kai duka ba, ko babbar inbata ko firizar Madam, zaɓi ɗaya. Ya ce a ɗauko firiza, shekara goma tana mafarkinta. Na ce to kullum sai ka cire ta kafin ka tada famfo, ka dawo ka mayar, ba ka gajiya? Ya ce kada in kuskura in gaya miki, kin yi shela. Ya ce, mene ne a ciki, ai ina da ƙafafu."

Layin garau yake, ban ce ya lalace ba. Na yi kuka sosai, Ba-Lozi yana ji, kuma ko tsokana ɗaya bai yi ba.

Waƙar ma ashe don kada in ji firiza ta yi shiru ne. Wannan murya!

Alhamis, 31 ga wata, ƙarfe tara da rabi na safe

Tanki har yana zubarwa. Kabeji ya ɗago kai. Matan layi sun aiko tambaya ko Madam Sola na karɓar baƙi, na ce su zo da bokitansu, amma a bi layi.

Talata za a sallamo shi. Luyando ta ce likita ya ce dole ya riƙa takawa kullum da sanda, ko kaɗan ne, amma ya ƙi. In an ɗaga shi sai ya kalli bango, wai tafiya ba inda za a je ba tafiya ba ce. Ta ce, "Mama, ya za mu yi da shi?" Na ce ta kawo mini shi kawai.

Na auna da ƙafata, daga ƙofar kanti zuwa ɗakin batir taku arba'in da uku ne. Na share hanyar, na kwashe duwatsu, na ajiye kujera a tsakiya kamar an manta da ita. Na fito da kofin daga jaka na rataye a ƙusarsa, na sauke kalanda ta rufe komai yadda yake. Na gargaɗi Luyando da Sililo da Yaya, duk wanda ya gaya masa na ga bayan kalanda, ya nemi inda zai ci tuwo. Waƙa ce ta tada famfo, a haka za a tsaya. Zai san ƙarya nake, shi ma ai ya yi tasa shekara biyu.

Ƙarfe goma ni ina lambu, ban ga komai ba, ban ji komai ba. In ya kai azahar bai iso ba, famfo ya jira.

Kuma in nono ya ragu, zan yi faɗa.